Ba Ta da Rasit

Kwamfutoci sha ɗaya aka jibge bayan ɗakin gwajinmu a Yalwa,
an rubuta wa kowacce "ta mutu" da alli.
Daren Laraba na ɗura musu Linuks daga ɗan filashi,
tara suka farka.
Biyun kam, sai dai haƙuri.

Litinin sai ga takarda daga ofishin Darakta:
an hana duk manhajar da ba ta da rasit.
Malam Bappah ya ce, "Kyauta? To wa za mu kama in ta lalace?"
Na ce, "Bara da muka biya, wa muka kama?"
Ya gyara hula, ya dubi agogo.

Kuɗin lasisin nan zai sayi madubin likita uku.
Namu guda ne, Asabe ta ɗaure wuyansa da salatif,
ɗalibai arba'in na layi a kan ido ɗaya.
Ƙofar shiga kuwa ta sha sabon fenti,
har da fitilu masu canza launi.

Na bi doka, na goge takwas.
Ta taran tana ƙarƙashin teburina
tana lissafa ruwan da ya sauka a Gubi shekara talatin,
ba ta san an hana ta ba.