Ƙofa ta Bakwai

Da na sa tabarau, Sakkwato ta ɓace.
Babu zafin la'asar, babu tirelolin siminti a hanyar Kalambaina,
babu Sahabi da ke lallaɓa batir a aljihu kamar ƙwan zabo.
Sai ni kaɗai a cikin ƙwaron da bai kai tantabara nauyi ba,
farfela huɗu na kukan sauron da aka hana barci.

Wata biyar ina ƙona yatsu da dalma
a rumfar gyaran waya,
ina cin garin kwaki da rana,
kafin wannan abu ya yarda ya tashi.

Ƙofofin bututun famfo ne aka lanƙwasa,
aka naɗe da fitilu ja da kore.
Goma sha biyu. Zagaye uku.
Mu shida a kan benci, kawuna a sunkuye
kamar masu zaman makoki.

Bayan igiya kuwa kasuwa ta ci.
Ba mai kallon sama, kowa waya yake shafa.
Malami mai littafi na ta kiran farashi:
"Cika, biyu da rabi! Ɗan Mabera, huɗu!"
Haka na ji ana auna sunana
kamar albasar da ta fara tsiro.

Usur.

Ƙasa ta zame daga ƙarƙashina.
Ta ɗaya, ta biyu, na karkata kamar shirwa ta hango 'yan tsaki,
ta uku na ji zuciyata a babban yatsa.
Zagayen farko nawa.
Na biyu ma nawa, ɗan Mabera na shaƙar iskar bayana.

A na uku, dab da ƙofa ta bakwai,
inda hanya ke goga kafaɗa da 'yan kallo,
idon jirgi ya ɗauko mini fuska guda.
Ƙiftawa ɗaya ce.
Hular kwano a hammata, farar takarda a hannu:
Yaya Lawwali,
wanda ya rantse ƙafarsa ba za ta taka filin wasan yara ba.

Yatsa ya yi abin da ya ga dama.
Bututu, ƙasa, sama, ƙasa,
sai yayyafin toka a cikin tabarau,
irin na talabijin in an ɗauke tasha.

Na cire. Rana na nan inda na bar ta.
Wani na tsalle, wani na zagin uwar batir,
wani dattijo ya zauna a kan duga-dugansa
yana ƙirga abin da babu a tafin hannunsa.
Sahabi ya tsinto mini gawar a cikin tumfafiya,
hannu ɗaya a karye, fitila na ƙifce har yanzu.

Na ce, "Yaya, yafe mini. Nawa ka aza?"
Ya juyo da takardar.
Ba sunana ba ne.

"Tun kana ƙarami," in ji shi,
"in ka gane ni, kunun da ad hannunka zubewa shikai.
Shi ya sa nit tsaya inda kaka gani na."

Ya ƙirgo dubu ashirin masu ɗumi,
ya ce in sayi sabuwar farfela.
Ban karɓa ba. Ban kuma ce ya mayar ba.
Suka tsaya a tsakaninmu, iska na kaɗa su.

Shi ya goyo ni gida a kabu-kabunsa.
A shataletalen Runjin Sambo aka kira magariba,
jemagu na fitowa daga dogon yaro,
ɗaruruwa, suna ratsa wayoyin lantarki
ba wanda ya taɓa ko ɗaya,
ba kuma wanda ya aza musu ko sisi.

Karyayyen jirgi a cinyata.
Ina jin kuɗin a aljihun rigarsa
duk sanda muka faɗa rami.