Wutsiyar Magana

Da rana ni malamar Turanci ce a Bedok,
jan biro a hannu.
Yau ma Thevan ya rufe jimlarsa da "lah".
Na soke ta, na rubuta a gefe:
ba a shiga jarrabawa da wannan.

Ya ce, "To me take nufi?"
Na buɗe baki, na rufe.
Ita kaɗai ba ta nufin komai.
Gishiri ma ai ba abinci ba ne.

Kawu Hock Seng mai kofi ya rantse
a jirgin ruwa ta zo, cikin bakin kakansa.
Rosnah mai shinkafar kwakwa ta dire ludayi:
"A nan dai ya tarar da ita, wurin Malayawa."
Shekara ashirin suna wannan musu,
kowanne da ita yake rufe hujjarsa.

In an datse ta, ƙofa aka turo, zance ya ƙare.
In an ja ta, hannu ne a kafaɗa.

Da dare, a hawa na goma sha ɗaya,
mahaifiyata ta juya wa kunun shinkafa baya.
Na gwada Turancin da nake koyarwa,
mai karin guga.
Ko kallo.
Sai na rage murya, na ce ta sha,
na ɗora 'yar wutsiyar nan, na ja ta.

Cokali uku ta karɓa.
Biron yana cikin jaka,
littafin Thevan a ƙarƙashinsa.