Dutse na Arba'in da Ɗaya

Tun hantsi muke ɗaga duwatsu a gangaren Narin,
ni da Gulsara, wadda gwiwarta ke ƙara
duk sanda ta durƙusa.
Ƙanƙara na can bisa tsaunuka, ba ruwanta da mu.

Ta ce, "Ɗago shi ta wancan gefen, ya zame maka garkuwa.
In da mai dafi a ƙasa,
ya samu hanyar da ba ta kanka ba."

Dutse na farko, tururuwa na gudu da ƙwai.
Na goma, danshi kawai da saiwa fara fat.
Na talatin, hankalina ya koma kan shayi.
Toktosun ya wuce bisa doki, tumaki na binsa,
ya ce, "In zinariya ce, ku ajiye mini rabona."

Na arba'in da ɗaya bai fi tafin hannu ba.
Manne a cikinsa, wata 'yar jakar farin zare,
kamar an tsinko auduga an manta.
Ta taɓa da tsinke. Shiru.
Ta sake taɓawa.
Sai ga gizo-gizo, ko ƙwayar shinkafa bai kai ba,
ƙafafu ja kamar an tsoma su a lalle,
ciki ruwan toka.

Ta miƙo mini gilashi.
"Ƙirga idanun, Ermek, nawa sun gaji."
Ɗaya, biyu, numfashina ya rufe gilashin,
na goge da hannun riga, na koma farko.
Shida.
"Ba takwas ba?"
Shida ne, a dunƙule kamar 'yan tsaki ranar sanyi.

Ta buɗe littafin nan da ruwa ya taɓa ci.
Dangi ya fito, gida ya fito,
sunan yanka ya ƙi.
"Mace ce. Sai an kai ta Bishkek an duba da babban madubi."
Kwalba na hannuna, baki buɗe.

Lokacin muka hango ƙwan a bayanta,
'yan ƙanana, can ƙuryar jakar,
ita kuma ta tare ƙofa da haƙora biyu
a gaban mutum biyu masu takalman ƙarfe.

Gulsara ta daɗe tana kallo.
Ta karɓi kwalbar, ta murɗa murfi.
Ta rubuta rana, ta rubuta wuri, ido shida,
layin suna ta bar shi fili.

Na mayar da dutsen cikin sawunsa,
sai da na juya shi sau uku ya zauna daidai.
Gwiwarta ta yi ƙara.
Ta nuna mini na gaba da haɓa.