Ɗari Biyar da Arba'in

Kalori dubu da ɗari takwas, in ji wayata.
Da safe na ce to.

La'asar ta kai ni wurin Goggo Tsiala,
tsohon Tbilisi, hawa na huɗu.
Burodi mai cuku ya fito yana huci,
gwaiduwa na rawa a tsakiya.
"Zaza, ka rame."
Ƙarya take. Na ci biyu.

Dare ya raba, ina kan gada
kamar mai bin kansa bashi.
Ɗari biyar da arba'in.
Kogin bai tambaye ni ba.

Hannunta nake gani, duk gari,
shekara tamanin da ɗaya.
Burodi nawa ya rage mana?

Na rubuta lambar, ban rage komai ba.
Gobe a ƙafa zan je aiki.