Sikeli Ba Ya Jin Albarka

A karar Gadarif, lokacin da gemuna yake baƙi,
masu sayen shanu goma sha ɗaya na sani da suna.
Akwai Dafalla mai tari,
da Barmo da ke taya sa yana kallon gefe kamar ba ya so,
da Gambo mahauci, mai latsa ƙirjin bijimi da babban yatsa
ya faɗa maka abin da ya ci tun kaka.
In wannan ya taya ka ce albarka,
kafin ka juya wani ya kama hannun rigarka.
Mukan kashe hantsi guda a kan fam ashirin,
a yi rantsuwa, a yi fushi, a watse,
a dawo gindin darbejiya wurin shayin Hajja Sittana,
dillali ya haɗa hannuwanmu ya karɓi la'adarsa.

Dafalla ne ya fara sayar da mayankarsa.
Ya ce gwiwa ta gaji, kuma kuɗin da nauyi.
Motocin Barmo biyu suka kwana da sunansa,
suka wayi gari da fentin wasu.
Gambo bai sayar ba. Shekara biyu ya yi yana cije haƙori,
suna karya farashi a gefen tukubarsa
har ƙuda ya daina zuwa.
Yau shi ke buɗe musu ƙofa, da hula mai baki.

Alluna uku ne yanzu a bakin kara,
kore, ja, da shuɗi.
Suna uku, amma duba ƙasan rasit:
hatimin ɗaya ne.

Na kai musu san da na raina damina huɗu,
fari mai baƙin kunne, wanda ya san tarina cikin duhu.
Yaron da ke wurin bai taɓa shi ba.
Bai buɗe bakinsa ya ga haƙori ba,
bai tambayi uwarsa ba, ko rijiyar da ya sha.
Ya kora shi kan faranti na ƙarfe,
ya dubi lamba, ya dubi waya, ya faɗi kuɗi.
Na ce albarka.
Ya ce, Baba, me ka ce?

Na ja igiyata zuwa allo na biyu.
Kuɗin ya riga ni isa.
A na uku ma yana zaune yana jirana, ko ƙwandala bai ƙaru ba.
Na ce to, ai hanya ba ta ƙare ba,
na bi ta kwana biyu zuwa Hawata,
sa yana ramewa, ƙarar dawa ta yi tsada, ruwa na kuɗi.
Can ma wayar ce, a hannun wani yaro.
Abin da ya ragu kawai nauyin sa ne,
kuma sun cire shi.

Na sallama.
Ban san wa na sallama wa ba.
An ce yana Jidda, an ce ba mutum ba ne, taron hannun jari ne.
Ta ina ake yi wa taro rantsuwa?
Wa zan kira shayi in ce sassauta, bana ruwa ya yi gardama?

Ɗana Hamidu yana aiki a ɗakin sanyinsu,
da rigar ɗari a tsakiyar bazara.
Ran sallah ya kawo mana tsoka a leda,
rabin kilo, a bakin kuɗin ɗan maraƙi na da.
A jikin ledar an zana makiyayi da sanda a kafaɗa,
yana dariya, shanu sun cika bayansa.
Matata ta juya ledar ta ce, ga ka nan.
Na ce ƙirga shanun.

Igiyar dai sun mayar mini,
don ba a auna ta.
Tana rataye a turke.
Da asuba nakan yi tari in saurara.