Sulhu a Rafindaɗi

Duna karen babana ne, shi na gada,
tsohon ɗan farauta, kunne ɗaya a yage.
Ita kuwa Hindatu ce ta kawo ta daga shagon hatsi
cikin kwalin sabulu, 'yar mage kamar sawun auduga.

Ranar farko manja ya ɓare,
randa ta kife, shanya ta sha ƙasa.
Malam Barmo ya leƙo ta katanga:
"Nalado, yaushe wuta da auduga suka kwana ɗaki ɗaya?"

Ban tanka ba.
Na kafa zana a tsakar gida,
kwanonsa nan, kaskonta can,
suna ci suna jin numfashin juna.
Tsumman da ta kwana a kai na shimfiɗa masa,
ya shinshina, ya yi atishawa, ya juya baya.
Sai a kwana na tara ya kwanta a kai.

Na buga mata katako a jikin dalbejiya,
inda haƙori ba ya kaiwa.
Shi nake fara zuba wa,
tsoho ba ya son a nuna masa an yi sabo.

Daren da ruwa ya cinye tsakar gida
na fito da tocila,
na same su a zaure,
ta cusa kai a haƙarƙarinsa, shi yana minshari.

Ba na cewa ƙauna ce.
Jiya ma ta sace masa kan kifi,
ya bi ta har gindin dalbejiya,
ya yi haushi sau biyu, don kada a ce bai yi ba,
ya koma inuwa.