Kashi na Bakwai

A Gangare, bayan isha'i, sanyi ya sauko daga duwatsu,
mun kewaye tukunyar shayin Sallau
kamar 'yan tsaki a gindin kaza.
Tanimu ya ɗaga waya: "Kashi na bakwai ya fito!"

Na ce wanne?
Ba jarumin da muka binne a kashi na uku ba?
A kan bencin nan muka karɓi gaisuwarsa,
Barau har da hawaye, ya ce wai hayaƙi ne.
"Ai suma ya yi," in ji Tanimu.
Sumar shekara tara!
Ga shi ya farka, an rine masa furfura,
yana tsalle daga jirgi zuwa jirgi,
ni sa'ansa, kwatar ƙofar gida
sai na yi bismilla biyu nake tsallake ta.

Pam mai gyaran janareta ya hura kofinsa:
"Ku bar zancen mutuwa. Kun ji abin da aka biya shi?"
Ya faɗi adadin da dala.
Muka juya shi zuwa naira,
sifili ya yi ta haihuwa har waya ta gaji.

Sallau ya dakata da ludayi a sama:
"Kofi nawa ke nan?"
Na ce da tun ruwan Ɗufana ka fara zuba,
ba zazzaɓi, ba hutun salla,
da yanzu ka kusa biyan gashin bakinsa.

"Don ya yi ƙarya a gaban kyamara?" in ji Barau.
"Ni da nake zuba ta kullum a tashar Bauchi,
ko sisi!"
Pam ya ce kasuwa ce, fuskarsa ake saya,
ƙuda ba ya bin kwanon da babu maiƙo.

Laraba mai awara tana kwashe kaya, ta tanka:
ita ma ta taɓa fitowa, a duwatsun Shere,
ta wuce da tulu a ka har sau goma sha ɗaya,
aka ba ta lemo da kuɗin mota.
Ta tara dangi ranar kallo.
An yanke wurin.

Ni kakana kuza ya haƙa.
Rami guda, a koma, a sake komawa,
muddin ƙasa na ba da ɗan ƙyalli.
Je ka hanyar Bukuru ka ga abin da ya saura:
koren ruwa kwance, ba a sha, ba a wanka.
Haka suke haƙar labari,
kuma mai shiga ramin ba shi ke cin riba ba.
Akwai wani da ya faɗo daga bene a madadin jarumi,
sunansa na can ƙarshe, ƙanana kamar tururuwa,
sa'ad da aka kunna fitila
kowa yana laluben hularsa.

Na gama wa'azina, na miƙe.
Sallau ya buɗe littafi, ya lashi yatsa:
"Malam Jatau, naka bashin ma
yau ya shiga kashi na bakwai."

Na ce a biyo mu, ci gaba na nan tafe.
Sannan na ja Tanimu gefe, na rage murya:
ƙarfe nawa za a nuna?